A Riƙa Juya Tsohuwa

Ga wata nan, ga ta gare ku.

Ta taho, kunnuwanmu a buɗe suke.

A ƙarshen wani layi mai gidaje manne da juna, inda kwalta ta ƙare aka bar ɗan fili tsakanin shagon Tela da katangar makaranta, akwai wani tulin taki. Wanda ya tara shi kowa Mai Lambu yake ce masa, ko da yake ba shi da lambun kansa ko na taku ɗaya. Aikinsa shi ne ya shiga gidajen mutane da almakashi da adda, ya aske shinge, ya rage rassan da suka kai ga wayar lantarki, ya yanke ciyawa. Idan ya gama, abin da ya zube ba ya barinsa a bakin ƙofa. Yakan loda a baro ya tura har ƙarshen layi.

Da can ba haka ake yi ba. Kowane gida yakan share ganyensa, ya tara a bakin kwata, ya ƙyasta masa ashana. Gidajen kuwa dogaye ne, iska ba ta samun hanyar wucewa, sai hayaƙin ya kwanta a layin kamar an shimfiɗa shi. Matar Mai Lambu tana da ciwon fuka, duk yammacin da aka ƙona shara a zaune take kwana tana neman numfashi. Shi ya sa mutumin ya bi gida-gida yana roƙon a ba shi sharar, shi ya san yadda zai yi da ita. Wasu suka ba shi don tausayi, wasu don an raba su da aiki. Matar ta rasu daga baya, amma ashana ba ta dawo layin ba. Duk mai tukunyar fure ko ɗan wurin shuka a bayan ɗaki yakan zo da bokiti ya ɗebi baƙar ƙasa mai laushi, ba a ce masa kawo komai.

Mutum biyu suka rage wa Mai Lambu a duniya. Akwai mahaifiyarsa, wadda tun da ta faɗi ta karye a ƙugu ba ta sake tashi daga gado ba, amma bakinta lafiyarsa lau. Duk layin Tsohuwa ake ce mata, babba da yaro. Sai 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ɗaya gefen gari, wadda maƙwabta ke kira Nas. Sunan kakarta ta ci, don haka uban Uwata yake ce mata, kakar kuma ta ce Takwara.

Nas ba ta taɓa zagin tulin nan ba, kada a ɗora mata abin da ba ta yi ba. Sai dai tana ƙarama 'yan ajinsu sun sa mata suna 'yar mai juji, kuma kun san zuciyar yaro, abin da ya shiga ba ya saurin fita. Har ta girma, idan ta zo gida takan zagaya ta ɗaya bakin layin. Uban ya lura. Daga nan bai ƙara yin maganar takin a gabanta ba, kuma yakan wanke hannu da ƙafa a famfon waje kafin ya shigo su gaisa.

A farkon damina ciwo ya kama shi, irin wanda ba ya ba da dogon lokaci. Nas ta ɗauki hutu ta dawo gida. Wata rana da la'asar, tana gyara masa matashi, sai ya riƙe wuyan hannunta. Hannun nan da ta sani da ɗumi da kaushi, ta ji shi sanyi ƙalau.

Ya ce, "Uwata, ki riƙa juya Tsohuwa. Kada ki bari ta yi sanyi. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya yi mata yawa."

Ta ce, "Na ɗauka, Baba."

Kafin rana ta faɗi ya cika.

To, ga mai aikin jinya ai babu maganar da ta fi wannan fita fili. Juya majinyaci shi ne aikinta na kullum, don kada kwanciya ta ci jiki ta zama gyambo. Ta kwaso kayanta ta dawo gidan gaba ɗaya, ta nemi a mayar da ita aikin rabin wuni. Duk abin da ya rage mata na ubanta kalmomin nan ne, ta riƙe su da hannu biyu. Ta juya kakar dama, ta juya ta hagu, ta tokare bayanta da matashi. Ta fito da bargon marigayin ta ɗora a kan nata, ta sayo wani mai kauri ta ƙara. Ruwa kuwa a cokali take ba ta, kamar magani. Tsohuwa ta yi mita har ta gaji. Ta ce ita ba kifi ba ce da za a yi ta birkita ta a kasko, ta ce asibitin da ya koya wa Takwara aiki ya kamata a je a duba kansa. Nas sai ta yi murmushi ta gyara bargo. Ba ta faɗa mata dalili ba, don ba ta son ta tono mata mutuwar ɗa.

A can ƙarshen layi kuwa, mutane ba su fasa kai sharar lambu ba, sun riga sun saba. Ɗanyar ciyawa ta yi ta hawa kan ɗanyar ciyawa, ruwan sama yana dukanta, babu mai rufewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wani ya jefa leda, wata ta juye ragowar abinci, wani ya ga an fara shi ma ya ƙara da tsohon takalmi. Tulin da a da in ka wuce sai ka ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa, ya koma baƙin taɓo mai wari, ƙudaje suka yi masa rumfa.

Tela ne ya fi kowa shan wuya, ƙofarsa na kallon wurin. Ba mugun mutum ba ne, shi ya fara shigowa ranar rasuwa, kuma shi ne ƙarshen tafiya. Amma wata mata ta zo awo ta juya da hannu a hanci, wani ya dawo da riga ya ce warin ya kama yadin. Ya haƙura iya haƙuri, sannan ya je ya yi magana da direban motar shara, suka tsayar da ranar Asabar. Duk da haka bai yarda a taɓa wurin ba sai da ya zo ya nemi izinin 'yar marigayi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza zaren awon da ke wuyansa, ya yi mata bayani. Nas ta tambaye shi yadda za a yi da ganye bayan an kwashe. Ya ce kowa ya ji da nasa, kamar da. Dukansu sun san ashana yake nufi. Ta ce a kwashe, ba komai. Gaskiya ma sai ta ji kamar an sauke mata wani kaya.

Ana cikin makon nan aka yi wata rana mai zafi, irin wadda hadari ke haɗuwa ya ƙi zuba. Nas ta dawo daga aiki ta tarar kakarta ta yi sharkaf da gumi, ta ture barguna da hannu sun zube ƙasa. Ta sunkuya za ta mayar.

Tsohuwa ta ce, "Takwara, gasa ni za ki yi ko dafa ni? Faɗa mini in san irin mutuwar da zan yi."

Nas ta ce ta yi haƙuri, ba yin kanta ba ne. Tsohuwa ta matsa, ta ce to yin wa ne. Daga ƙarshe dai ta faɗa mata wasiyyar ubanta ce. Can Tsohuwa ta ce ta maimaita mata maganar yadda ta fito daga bakinsa, kada ta rage, kada ta ƙara. Nas ta maimaita.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, hawaye na gangarowa ta gefen ido zuwa kunne. Sannan ta ce, "Ɗana tun da ya buɗe baki ya iya magana bai taɓa ce mini Tsohuwa ba. Inna yake ce mini."

Nas ta tsaya da bargo a hannu. Ta bi shekarun da ta sani ɗaya bayan ɗaya tana neman ranar da ta ji kalmar nan a bakinsa, ba ta samu ba.

Sai kakar ta ba ta labari. Wasa ne tsakaninsu su biyu. Kowace safiya yakan leƙo ya gaishe ta, ya ce to bari ya je ya gai da ƙanwarta. Shi ya raɗa wa tulin suna Tsohuwa, wai don ba ta da haƙori ko ɗaya amma babu abin da ba ta taunawa in an ba ta lokaci, tana son a lulluɓe ta, ba ta son ruwa da yawa, kuma in aka yi banza da ita duk unguwa sai ta ji ƙorafinta. Ita kuma takan ce masa ya gaishe ta, ya ce mata yayarta ta fi ta tsafta.

Nas ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Kaka, na ba da ita. Ranar Asabar mota za ta zo."

Tsohuwa ta share ido da bakin zane. Ta ce, "To Asabar ɗin ta zo ne?"

Da yammacin nan Nas ta bi layin har ƙarshensa, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Ta sami Tela a kan keken ɗinki, ta faɗa masa komai, har da sunan. Ya cire ƙafa daga kan keken ya saurare ta. Ya ce wasiyya abu ce mai nauyi, shi ma ya sani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba zai hana mota zuwa ba, don ya riga ya ba da magana, kuma ba shi kaɗai ke jin warin ba. Sai dai in motar ta zo ta tarar abin ya sauya, a lokacin sai a sake zama. Ya ce shi ba da tulin yake faɗa ba, da hancinsa yake zaune.

Kayan aikin uban suna nan bayan ƙofa inda ya jingine su: shebur, manjagara, baro. Ƙotar shebur ɗin ta yi santsi, ta ɗan lotsa daidai inda hannunsa ke zama. Washegari da sassafe ta sa tsofaffin takalmansa na roba, ta tura baron.

Shebur na farko da ta ɗaga, warin da ya taso sai da ya sa ta ja da baya, ita da ta saba da ɗakin majinyata. Cikin tulin ya danƙare, ya yi yauƙi, ruwa baƙi na tsatsowa. Ta fara da tsince abin da ba na wurin ba, leda da gwangwani da tsumma, ta ware su gefe. Sannan ta tsaya, don ba ta san abin da ke gaba ba. Ta koma gida ta tambayi kakarta.

Ita ma Tsohuwa ba ta taɓa ganin tulin da idonta ba, abin da ta sani a bakin ɗanta ta ji. Ta rufe ido tana lalubo maganganunsa. Ta ce yakan ce ɗanye shi kaɗai ruɓewa yake, busasshe shi kaɗai zama yake, sai an haɗa su aure. Yakan ce a sa mata iska a ciki, shi ne amfanin juyawar. Laimarta kuma kada ta wuce ta tsumman da aka matse. In ta yi ɗumi a ciki tana raye, in ta yi sanyi ta tafi.

Nas ta ce ina za a samu busasshen ganye a tsakiyar damina. Tsohuwa ta ce ta duba rumfar bayan gida. Buhuna ne jibge har sama, waɗanda Nas ta gani tun ranar da ta dawo ta ɗauka tarkace ne, har ta yi niyyar haɗa su da motar Asabar. Ta kwance bakin ɗaya. Ganye ne busasshe ƙarau, wanda ya tara tun rani saboda irin wannan lokacin.

Ta shiga aiki. Ta shimfiɗa ƙananan rassa a ƙasa can jikin katangar makaranta, nesa da shago gwargwadon abin da filin ya bari. Ta zuba busasshe, ta ɗora jiƙaƙƙen a warwatse, ta sake zuba busasshe. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, tonon da take yi zai ta da warin fiye da da. Kafin azahar layin duka ya ɗauka. Aka rufe tagogi. Tela ya fito ya dube ta, ya dubi tulin, ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwado ya tafi gida, bai ce mata uffan ba. Wannan shirun ya fi mata zagi ciwo, don ta san wunin aikinsa ne ya tafi.

Hannunta ya yi bororo, ya fashe. Buhunan suka ƙare tulin bai ƙare ba. Tana tsaye tana tunani sai ga Kafinta, wanda ke da rumfa a bakin layi, ya turo dusar katako cike da baro. Ya ce marigayin yakan zo ya kwasa duk mako, tun da ya rasu ta taru ta hana shi wurin taka ƙafa, in tana so taimakonsa ta yi. Ya juye ya koma. Da ta gama jerawa hadari ya sake haɗuwa, ta rasa abin rufewa. Ta ruga gida ta ɗauko bargon nan mai kauri da ta saya, da na ubanta, ta lulluɓe tulin, ta danne gefuna da duwatsu. Tsohuwa ta ce ai sai yanzu kaya suka je wurin mai su.

Washegari ta ɗaga bargo ta tura hannu. Sanyi. Ta sassauta tulin da manjagara ta rufe. Kashegari ma sanyi. Ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da gadon kakarta, ta ce ta makara, ta bar Tsohuwar ubanta ta mutu tana nan tana gasa mai rai. Tsohuwa ta ɗora hannu a kanta. Ta tambaye ta ko a asibitinsu majinyaci yakan tashi ranar da aka fara ba shi magani.

Ranar Asabar motar ta shigo layin da baya, tana ƙara. Direba ya sauko da mutanensa da shebur-shebur ɗinsu. Tela ya buɗe shago ya tsaya a ƙofa, maƙwabta suka leƙo. Warin ya ragu ƙwarai, ƙudajen ma sun yi sauƙi, amma wanda ya ce babu shi ya yi ƙarya. Tela ya ja iska, ya ce shi ba zai yi ƙarya don a ji daɗi ba, har yanzu yana ji.

Nas ba ta yi musu ba. Ta durƙusa ta janye duwatsun, ta naɗe bargon, ta naɗe hannun rigarta. Ta tura hannu cikin tulin har gwiwar hannu, don in za a kwashe ta yi sallama da shi.

Sai ta ji ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi, irin na tafin hannun mutum mai lafiya. Rabon da ta taɓa wani abu na ubanta ta ji shi haka tun kafin la'asar ɗin da ya cika. Ta kasa zare hannun. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ba sauti.

Direba ya tambaya ko wani abu ne ya cije ta. Ta girgiza kai. Ta buɗa wurin da ɗayan hannun, wani siririn tururi ya taso cikin sanyin safiya, kowa ya gani.

Tela ya tako a hankali. Mutum ne mai tsantsani da hannunsa, saboda yadin mutane. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tattare rigarsa ya tsuguna ya sa yatsu biyu, ya ƙara turawa. Ya zare ya dubi hannun.

Ya ce, "Haka take yi lokacin yana nan. Da safe nakan ga tururin daga kan keke."

Ya miƙe ya ce bai janye maganarsa ba, in wata ya zagayo yana jin wari zai sake kiran mota, kuma wannan karon ba zai nemi izini ba. Nas ta ce ta yarda. Direba ya ce shi dai ba zai koma da mota wayam ba. Aka nuna masa tarin leda da gwangwani da ta ware, da taɓon da ya rage a tsohon gurbin kusa da shago. Suka kwashe tas, suka tafi.

Da ta koma gida za ta tsaya a famfon waje, sai Tsohuwa ta kira ta daga ciki, ta ce ta shigo haka nan. Ta kama hannun mai ƙasa ta kai hancinta, ta riƙe shi a nan tsawon lokaci. Nas ta faɗa mata ta yi ɗumi. Tsohuwa ta ce ta sani, ta ji a hannun.

Can Nas ta tambaya, tun da ba ita ake nufi ba, ko ta daina juya ta.

Tsohuwa ta ce, "Wa ya ce ki daina? Bargon ne dai ba na so." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya san da wa yake magana, Takwara. Ni ai ya san ba sai ya ce miki ba. Waccan ce ya ji tsoron za ki bari."

Wata ya zagayo Tela bai kira mota ba, ko da yake har yau yakan yi ƙorafi duk ranar da aka juya. Kafinta ya ci gaba da turo dusa. Matar da ke juye ragowar abinci ta daina, ba tare da an ce mata komai ba, amma leda sai an yi ta tsinta. Tsohuwa ta ƙara damina biyu ta rasu a gadonta, babu gyambo ko ɗaya a jikinta. Nas ba ta koma da zama ɗaya gefen gari ba. Tana zuwa asibiti da rana, da sassafe kuma takan tura baro zuwa ƙarshen layi, kuma ba a sake ƙona ganye a layin ba.